Likita ya ce mu jira kwana biyu, yaro kuwa yana kuka da kunne

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, raina a ɓace yake. Haidar, shekararsa uku da wata biyu, ya kwana huɗu yana fama da mura. Daren jiya wajen ƙarfe biyu ya farka da ihu yana riƙe da kunnen dama, daga nan ba wanda ya sake runtsawa. Da gari ya waye na kai shi asibiti. Likita ya leƙa kunnen da 'yar fitilar nan tasu, ya ce dodon kunnen ya yi ja, ya ɗan kumbura. Ina jira ya rubuto antibiyotik, sai ya miƙo min takardar farasitamol kaɗai, wai in riƙa ba shi a kan lokaci, in dawo bayan kwana biyu idan babu sauƙi. Kwana biyu fa! Wannan magani ne ko kora da hali? In canza asibiti?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni dai in ni ne, canzawa zan yi. Amira ta yi irin wannan har sau uku, kuma duk lokacin amoksisilin ake ba ta, kafin kwana biyu ta miƙe tana wasa. Ciwo na cin yaro a ce a jira, jiran me?

Hajiya Kaka: Sannu 'yata, Allah ya kawo sauƙi. Kafin ki koma, ki ɗan ɗumama mai ki ɗiga masa ɗigo biyu, yana kwantar da zugin. Mun yi wa namu, ga su nan sun girma da kunnuwansu.

Anti Nas: Hajiya, ranki ya daɗe, a dakata da man nan tukuna, zan dawo kansa. Maman Haidar, amsa min waɗannan. Zafin jikinsa ya kai nawa a ma'auni? Kunne ɗaya ne ko biyun? Akwai ruwa ko mugunya da ke fitowa? Yana shan ruwa, yana ɗan wasa idan maganin ya kama shi? Sannan ki shafa ƙashin da ke bayan kunnen, ki ga ko ya kumbura ko yana zabura in an taɓa.

Maman Haidar: Anti, 38.2 aka auna da safe. Na dama ne kawai. Ba abin da ke fita. Bayan na ba shi sirof ɗin ya yi barci, da ya tashi har ya ɗauki motarsa ta wasa. Bayan kunnen lafiya lau.

Anti Nas: To ƙanwata, ba korar ki aka yi ba. Da irin amsoshin nan, abin da likitan ya yi shi ne abin da littafi ya ce. Bari in faɗa miki yadda abin yake faruwa, don in kin gane hankalinki zai fi kwanciya.

Bayan dodon kunne akwai ɗan fili mai iska, shi ake kira tsakiyar kunne. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa filin nan da can bayan hanci. Shi ne kike jin ya yi ƙas in kin haɗiye yawu ko kin yi hamma. Aikinsa ya shigar da iska, ya kuma zubar da ɗan ruwan da ke taruwa. Idan mura ta zo, bututun sai ya kumbura ya toshe, ruwa ya rasa hanyar fita, ƙwayoyin cutar da ke hanci su haura su samu wurin zama. Ruwan ya zama mugunya, ya riƙa tura dodon kunne daga ciki. Wannan turawar ce zugin da ya tayar da Haidar. A yara bututun gajere ne, siriri, kuma kusan a kwance yake, shi ya sa ciwon ya fi addabar 'yan wata shida zuwa shekara biyu, yana raguwa in sun tasa.

Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani: yawancin irin wannan jiki ne ke gamawa da shi da kansa, cikin kwana uku, in ya daɗe mako guda.

Baban Amira: Anti, da girmanki, amma ni na gani da idona. An ba Amira magani, ta warke a kwana biyu. Sau uku.

Dakta M.: Baban Amira, ba na musun abin da ka gani. Tambayar ita ce, da ba a ba ta ba, yaushe za ta warke? An kwatanta wannan a bincike da yawa, an raba yara gida biyu, waɗansu aka ba su antibiyotik, waɗansu aka ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Bayan awa 24, kusan shida cikin goma zugin ya tafi, kuma haka yake a ɓangarorin biyu. Ke nan sau da dama maganin yana karɓar yabon aikin da jiki ya yi. Sannan wani kason na ciwon nan bairos ne ke kawo shi, shi kuwa antibiyotik bai san da zamansa ba.

Kuma maganin ba ruwan sanyi ba ne. Yana sa wasu yara gudawa, amai, ko ƙuraje a jiki. Duk lokacin da aka sha shi ba bisa buƙata ba, ana koya wa ƙwayoyin cutar yadda za su jure masa, ranar da ake nemansa ido rufe sai a tarar ya daina ci. Likitocin Holan sun daɗe suna bin hanyar jira da sa ido. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta a 2004, ta sake tabbatar da ita a 2013.

Amma kada wani ya ɗauka kowane yaro ake cewa ya jira. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a jira da shi. Wanda bai kai shekara biyu ba kuma kunnuwan biyu suka kamu, a ba shi. Wanda mugunya ke fita daga kunnensa, ko zafin jikinsa ya kai 39, ko zugin ya yi tsanani, ko ya wuce awa 48 ba sauƙi, ko yaron dama yana da wata larura da ta raunana garkuwar jikinsa, duk waɗannan magani ake ba su. Haidar bai faɗa cikin ko ɗaya ba a yanzu.

Baban Amira: Na ji, Dakta. Amma bari in faɗi abin da ke raina. Wannan "dawo bayan kwana biyu" yana da daɗin faɗa ga wanda asibiti ke kusa da shi kuma yana da halin komawa. Wanda da ƙyar ya kai yaron sau ɗaya fa? In ya tafi ba zai dawo ba, sai abu ya lalace. Shi ma jiran za a ce masa?

Dakta M.: Nan kam ka kama ni, kuma gaskiyarka. Jira sharaɗi gare shi: sai an tabbata za a iya sake ganin yaron, ko a iya fara maganin nan take in abin ya ƙi. Shi ya sa wasu likitoci ke rubuta takardar maganin su ce riƙe, kada ka saya sai kwana biyu sun cika ba sauƙi. Idan na ga uwa ba ta da hanyar dawowa, lissafina yakan canza.

Anti Nas: In ƙara a kan na Dakta. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa ƙananan asibitoci don duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda sau da yawa ba fitilar leƙa kunne, amoksisilin na kwana biyar ake ba wa yaro mai sabon ciwon kunne. Ke nan Baban Amira bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Bambancin shi ne, Haidar an leƙa kunnensa, kuma uwarsa na iya komawa.

Maman Haidar: Alhamdulillahi, na ɗan samu natsuwa. To cikin kwana biyun nan me zan yi banda zuba masa ido? Dare nake tsoro.

Anti Nas: Maganin zugin shi ne babban aikinki, kada ki raina shi. Farasitamol gwargwadon nauyin yaro ake aunawa, ba da cokalin da hannu ya kai gare shi ba, ki yi amfani da ma'aunin da ke cikin kwalin. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne sai yaro ya fara ihu sannan a tashi nema. A kwana biyun farko ki bi lokutan da likita ya rubuta, ki daidaita ɗaya ya faɗo dab da kwanciya, kada kuma ki wuce sau huɗu a awa 24. Ibufurofen ma yana aiki in likita ya amince kuma yaron yana shan ruwa sosai. Asfirin kuwa ko kusa, ba a ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16, yana iya jawo wata muguwar cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ki ɗan ɗaga masa kai da matashi tunda ya wuce jariri, kwanciya shamɓal tana ƙara zugin. Tsumma mai ɗumi a kan kunnen daga waje ba laifi. Magungunan busar da majina kuma kada ki ɓata kuɗinki, an gwada, ba sa taimaka wa kunne.

Hajiya Kaka: To ni fa 'yar nan, kin ce za ki dawo kan man.

Anti Nas: Ban manta ba Hajiya. Matsalar ita ce daga waje ba mai iya sanin ko dodon kunne ya huje. In lafiyarsa ƙalau, man zai tsaya a waje, ciwon kuma yana ciki, bai kai gare shi ba, illa ɗumin da yaro zai ɗan ji. In kuwa ya huje, an zuba abu kai tsaye inda bai kamata komai ya shiga ba. Ga shi kuma idan an koma asibiti, man ya lulluɓe wurin, likita ya kasa gani da kyau. A harkar kunne, gani ya kori ji.

Hajiya Kaka: Ikon Allah. To mu dai Allah ne ya tsare namu. Na janye.

Abban Yusra: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗan ƙanena ne, shekara bakwai. Shi nasa ba ya ciwo ko kaɗan, ruwa ne dai ke fita, wani lokaci da wari, ya tsaya ya dawo, an fi wata biyar a haka. Uwarsa ta ce ai tunda ya fashe ya huce, dattin ne ke fita. Akwai ragowar maganin ɗigawa da aka taɓa ba wani a gidan, shi suke sa masa.

Dakta M.: Abban Yusra, wannan ya fi na Haidar tayar min da hankali nesa ba kusa ba, duk da shi ba ya kuka. Gaskiya ne idan mugunya ta fasa dodon kunne zugi yakan tsaya nan take, saboda matsin ya sauka. A sabon ciwo, ƙaramin hujin yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Amma ruwan da ya wuce mako biyu yana zuba ya tashi daga sabon ciwo ya koma daɗaɗɗe: hujin bai rufe ba, ƙwayoyin cuta suna shiga suna fita yadda suka ga dama. A hankali yake cin jin yaro. Akwai ƙananan ƙasusuwa uku a tsakiyar kunne masu kai sauti ciki, daɗewar mugunya na iya lalata su. Warin nan kuma shi ne ya sa nake so likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya gan shi, don wani lokaci fata ce ke taruwa a ciki kamar ƙulli tana cin ƙashi, wannan kuwa sai aiki.

Maganin ɗigawar nan a daina yau. Ba duka ne suka dace da kunnen da ya huje ba. Masu ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin suna iya yi wa can cikin kunne illa, a rasa ji ba dawowa. Ga hujajjen kunne an fi ba da irin su sifurofuloksasin, shi ma likita ne zai zaɓa bayan ya duba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abban Yusra: Subhanallahi. Kafin mu samu ganin likitan fa?

Anti Nas: A tsane kunnen, a kuma hana ruwa shiga. A samu tsumma mai tsabta mai shan ruwa, ko takardar goge hannu mai ƙwari, a murɗa ta ta yi tsini, a sa a bakin ramin a hankali, in ta jiƙe a cire a sa wata, har sai ta fito a bushe. Sau uku a rana. Ba a naɗa ta a jikin tsinke. Lokacin wanka a toshe bakin kunnen da auduga da aka shafa wa Vaseline, an gama a cire. Ban da iyo. Kuma kada a bar auduga cushe a ciki wuni guda, kunnen na son iska.

Malama Uwani: Ni malamar firamare ce, bari in faɗi ta wajenmu. Akwai yaron da na yi wata biyu ina ɗauka taurin kai gare shi. In yi magana ya yi kamar ba da shi nake ba, in na matso kusa kuma ya amsa daidai. Har na rubuta wa iyayensa takarda, abin da har yau nake jin kunyarsa. Ashe ruwa ne ya kwanta masa a bayan dodon kunne, ba zafi ba zazzaɓi. Tun daga nan duk yaron da na ga yana kallon bakina in ina magana, ko yana juyo da kunne ɗaya, gaba nake dawo da shi, in kuma kira uwarsa.

Dakta M.: Malama, Allah ya saka. Wannan shi ne nau'in da ya fi ɓuya. Bayan ciwo ya wuce, ruwan kan yi saura makonni, yaro yana ji kamar an toshe masa kunne da yatsa. Yawanci yana janyewa da kansa cikin wata uku. In ya wuce haka, ko maganar yaro ta tsaya, a yi gwajin ji. Wasu akan sa musu ɗan mitsitsin bututu a dodon kunne ya riƙa shigar da iska, daga baya ya faɗo da kansa. Haka ma wanda ciwon ke yawan dawo masa, sau uku a wata shida ko sau huɗu a shekara, ya kamata ƙwararre ya gan shi. Baban Amira, ka ƙirga na Amira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa ne, ciwon kunne kuwa yana cikinsu.

Baban Amira: Tsakanin shekara biyu ne ukun, ba ta kai ba. Amma na rubuta.

Ɗan Auta: Manya ku taimaka, mu ma manya muna da kunne 😅 Ni ƙaiƙayi ne ya dame ni, kullum sai na sosa da tsinken auduga, wani lokaci har da makulli. Yanzu in na kwanta a kan kunnen ma zafi yake.

Anti Nas: Auta, ja fatar kunnen, ko ka danna ɗan tudun nan da ke gaban ramin. Ya yi zafi?

Ɗan Auta: Wayyo. Sosai.

Anti Nas: To naka da alama na ramin kunne ne, na waje, ba irin na Haidar ba. Kai ka jawo wa kanka da makullin nan, garin neman gira za ka rasa ido. Dattin kunnen da kake yaƙi da shi kariya ne, yana hana ruwa da ƙwayoyin cuta kama fatar, kuma kunne da kansa yake turo shi waje. Kana sosawa kana kankare fata, ragowar dattin kuma kana danna shi ciki. In ruwa ya kwanta a wurin sai bakteriya ko funfuna su samu gida. Ƙaiƙayi mai yawa yakan sa a zargi funfuna, ita kuwa maganin bakteriya ba ya kashe ta, yana ma iya ƙara mata ƙarfi. Je a duba a share maka. In an ba ka na ɗigawa, ka ɗumama kwalbar a tafin hannu don mai sanyi yana sa jiri, ka kwanta a gefe, ka ja kunnen sama da baya, ka ɗiga, ka zauna a haka kamar minti biyar. Ga ƙaramin yaro ƙasa da baya ake ja.

Dakta M.: Auta, kana da ciwon suga? In akwai, kada ka kwana biyu. Ga mai suga, musamman dattijo, ciwon ramin kunne na iya ratsawa zuwa ƙashi. Sannan manya su sani, wani zugin kunnen ba daga kunne yake ba, ruɓaɓɓen haƙori ko maƙogwaro ko gaɓar muƙamuƙi ne ke aikowa. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif ba dalili, ranar zai nemi likita, ba mako mai zuwa ba.

Ɗan Auta: Ba ni da suga Dakta. Makullin dai ya koma aikinsa na buɗe ƙofa.

Maman Haidar: Auta ka ba ni dariya ina cikin damuwa. Dakta, tambaya ta ƙarshe. Me zan gani in fita da shi ko tsakar dare ne, ba sai kwana biyun sun cika ba?

Dakta M.: Kumburi ko ja a bayan kunne, har kunnen ya turo gaba. Sanƙarewar wuya, ko ciwon kai mai tsanani da amai ba tsayawa, don ciwon na iya haurawa ya zama sanƙarau, ko da yake ba kasafai ba. Barcin da ake tashinsa da ƙyar, fizge-fizge, karkacewar baki ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa, tangaɗi in yana tafiya, ko ya ƙi shan komai. Ga masu jarirai kuma: ɗan ƙasa da wata uku in zafinsa ya kai 38, asibiti kai tsaye, ko da kunne ko ba kunne.

Maman Ikram: Mai goyo ce ni, wata huɗu. Akwai abin da zan yi tun yanzu?

Anti Nas: Nono zalla har wata shida, a cika alluran rigakafi musamman ta cutar nimoniya don ƙwayar tana cikin manyan masu kawo ciwon kunne, a nisanta ta da hayaƙi, na sigari ya fi muni. In ana ba ta fida, kada a ba ta tana kwance shamɓal. Ba zai hana gaba ɗaya ba, yana dai ragewa.

Maman Haidar: 'Yan uwa na dawo da labari, yau kwana uku. Daren farko ya farka sau ɗaya, na biyu ya kwana har asuba. Zazzaɓin ya sauka tun jiya. Duk da haka na mayar da shi, likita ya leƙa ya ce jan ya ragu, amma akwai ruwa a baya, kada in yi mamaki in ya riƙa cewa "iye?" na wasu makonni. Ya ce in kawo shi a gwada jinsa in abin ya kai wata uku. Ga shi nan kuwa, na kira shi sau biyu daga ƙofa bai waiwayo ba, sai da na zagayo ta hagunsa.

Baban Amira: Masha Allah. Ni dai har yanzu da Amira ce da ban iya jiran ba, ba zan ɓoye ba.

Anti Nas: Abban Yusra, shiru muka ji. An kai yaron?

Abban Yusra: An kai shi jiya Anti. Sun tsotse mugunyar da wani ɗan inji, sun ce hujin babba ne, sun canza maganin ɗigawa. Ranar Litinin za a yi masa gwajin ji, daga nan za su faɗa mana ko sai an yi aikin like dodon kunnen.